Sa wa Hilux Manyan Tayoyi: Awo, Gwaji da Inda Taya ke Gogar Bodi

Motar da muka yi wa aikin Toyota Hilux ce mai gida biyu, ƙirar da aka yi daga 2005 zuwa 2015, injin fetur 2.7, giyar hannu, mai fowil, wato giyar da ke sa ƙafa huɗu su ja. Aikinta jigilar taki da hatsi tsakanin Zariya da gonakin wajejen Soba da Maigana, inda in kwalta ta ƙare a hau burji, in burji ya ƙare a hau hanyar da tirakta ta fasa. Abu biyu ke damunta. Da damina ta yi nisa, wajen watan Agusta, manyan motoci kan haƙa kwari biyu a hanya su bar tudu a tsakiya, sai tulun aksil na baya, wato kumburin da ke tsakiyar ƙarfen da ya haɗa ƙafafun baya, ya zauna a kan tudun, tayoyi na juyawa a banza. Da kaka kuma tushiyar dawa da ta masara ke huda gefen taya, hujin da faci ba ya riƙewa.

Kafin mu je wurin mai taya sai da muka yi lissafi a takarda, don lambar da ke jikin taya ita ce ke faɗin komai. Tayar da motar ta zo da ita 265/65R17 ce. Lambar farko faɗin taya ne a milimita. Ta biyu tsayin gefen taya ne, amma a matsayin kaso na faɗin, wato kashi 65 cikin ɗari na 265, wanda ya ba da milimita 172. Ta uku girman wili ne, inci 17, milimita 432 ke nan. Gefe biyu da wili suka haɗu suka ba da tsayin taya milimita 776. In aka bi wannan lissafin, 265/70R17 tana da milimita 803, ita kuwa 285/70R17, wadda kowa ke sha'awa saboda kyan gani, tana da milimita 831.

A nan ne mutane da yawa ke ruɗuwa. Ƙarin tsayin taya ba shi ne ƙarin tsayin mota ba, rabinsa ne, domin aksil a tsakiyar taya yake. Ƙarin milimita 27 na 265/70R17 zai ɗaga tulun aksil da milimita 13 kacal, faɗin ɗan yatsa. Babbar, 285, za ta ɗaga shi da milimita 27. Duk da haka wannan ɗan ƙarin ba shi da wata hanya sai taya. Ko ka ɗaga mota da dogayen sifirin har ta yi kamar raƙumi, bodi da shasi ne suka tashi, tulun aksil na baya yana nan inda yake, kuma shi ne ke fara zama a tudu.

Masu Hilux ta kamfanoni da hukumomi, wadda ke zuwa da siririn wilin ƙarfe mai inci 16 da taya 205R16C, lissafinsu daban ne. Tsayin tasu milimita 734 ne, kuma wilin ya yi ƙunci ga taya mai faɗin 265. Su abin da ya fi dacewa su duba shi ne 235/85R16, doguwa siririya mai milimita 806, wadda ke zama a wili mai faɗin inci 6 zuwa 7. A taɓon da ke da tauri a ƙarƙashi siririyar taya kan yanka ta kama ƙasa, mai faɗi kuwa ta yi ta sulɓi a sama. Sai dai tsalle daga 734 zuwa 806 kusan kashi 10 cikin ɗari ne, injin zai ji shi sosai.

Wilinmu na alminiyum ne, faɗi inci 7.5, rami shida, tazarar ramuka 139.7, ramin tsakiya milimita 106.1. A bayansa an buga +30, wato fuskar da ke manne da hob, mazaunin da ake ɗaure wili a kai, ta fito waje da milimita 30 daga tsakiyar wilin. Wannan lambar ita ke nuna ko taya za ta lafe ciki ko za ta fito waje, kuma ita ce mutane suka fi mantawa. Taya 265/70R17 tana son wili daga inci 7 zuwa 8.5, don haka namu daidai ne. Ita 285/70R17 mafi ƙanƙantar wilin da aka yarje mata shi ne 7.5, za ta shiga amma a ƙure.

Mun yi yarjejeniya da mai tayar a Sabon Gari cewa za a ɗaura guda ɗaya ta kowane girma a gwada a ƙafar gaba kafin a biya. Duk mai tayar da ya ƙi wannan, a nemi wani. Muka fara da 285. Mota na tsaye a shimfiɗaɗɗen siminti, sitiyari a miƙe, ta zauna cif, sarari ko'ina, har yaran shago suka fara tafi. Amma gwajin tsaye ba gwaji ba ne. Muka shafa alli mai kauri a kafaɗun tayar ciki da waje, aka juya sitiyari har ƙarshe hagu, aka ja gaba a hankali aka taka birki, aka yi ribas aka taka birki, sannan aka maimaita a dama. Dalilin birkin shi ne bushin roba na hannun ƙasa kan ba da kai, ƙafa ta matsa baya ko gaba da 'yan milimita, abin da ba ya taɓawa a tsaye sai ya taɓa. Bayan nan muka hau da wannan ƙafar kan tudun ƙasa a karkace, yadda sifirin zai danne sosai, muka sake juya sitiyari.

Alli ya fito a wuri uku. Na farko robar tare laka da ke bayan taya, wannan ƙaramin abu ne. Na biyu hannun sama, ƙarfen da ke riƙe ƙafa daga sama, inda gefen taya na ciki ya matso har kwali ba ya wucewa tsakani, domin 285 ta fi 265 faɗi da milimita 10 a kowane gefe. Na uku shi ne babba: ƙarfen da ya fito daga shasi yana ɗauke da bodi, can bayan ƙafar gaba, daidai ƙasan ƙafar direba. In an ƙure sitiyari, kafaɗar taya tana cin wannan ƙarfen kai tsaye, kuma ƙarfe ba ya gudu, zanen taya ne zai riƙa ɓallewa.

Kowane magani a nan yana haifar da wata cuta. Don kuɓutar da hannun sama sai a fito da taya waje, ko dai da wili mai +10 ko 0, ko da sifesa, faifan ƙarfe da ake sa wa tsakanin wili da hob. Amma taya in ta fito waje, da'irar da take zanawa lokacin kwana ta ƙaru, sai ta ƙara cin ƙarfen bodin nan fiye da da. Ta kuma zarce madigadi ta riƙa watsa laka da tsakuwa a jikin ƙofa, nauyi ya koma gefen boris na waje, sitiyari ya riƙa fizga duk lokacin da aka faɗa rami. Shi kuma ƙarfen bodi sai an yanke kusurwarsa an yi waldar faranti an toshe, aikin da ke buƙatar mai walda wanda ya san yana taɓa shasi ne, ba ƙyauren gida ba. Akwai masu cewa a ɗaga mota inci 2 an gama. Ɗagawa tana sauya inda ƙafa ke zama in mota na tsaye ne kawai. Ranar da aka ɗora buhu goma aka faɗa kwazazzabo, ƙafa za ta koma can sama inda take zuwa tun asali, ta ci abin da za ta ci.

Wanda ya nace sai ya ɗaga, ya san abin da ke biye. Shaf ɗin gaba za su karkace, robobinsu su riƙa yagewa da wuri, girisi ya fita, ƙura ta shiga, sai ƙas-ƙas a kwana. Boljoyin na hannun sama zai riƙa aiki a ƙarshen iyakarsa. Tiyon birki da wayar ABS, na'urar da ke hana taya ƙamewa in an taka birki, suna buƙatar a duba ko sun isa in ƙafa ta sauka gaba ɗaya. A motocin da ba su da ABS akwai wani bawul a baya mai sandar da ke haɗe da aksil, shi ke auna lodi ya raba ƙarfin birki. In an ɗaga baya ba a ɗaga mazaunin sandar ba, bawul ɗin zai ɗauka mota ba kaya ko da an cika ta, birkin baya ya yi rauni. Ga motar da ke neman abinci, ban ga ribar duk wannan a kan ƙarin milimita 14 da 285 ta fi 265/70 ba.

Muka sauke ta aka ɗaura 265/70R17, aka maimaita gwajin tun daga alli. Hannun sama lafiya, yatsa na shiga. Ƙarfen bodi bai taɓu ba, amma sararin kaɗan ne. Abin da ya gogu shi ne robar tare laka da kusurwar baƙar robar da ke lulluɓe cikin madigadi. A kan wannan muka tsaya.

Zaɓen irin tayar ya fi zaɓen girman muhimmanci, a ganina, tunda huji ne rabin matsalar. Mun ɗauki mai LT a gaban lamba, wato ginin motocin kaya, mai zanen kwalta da daji, wanda ake rubuta A/T. Mai manyan haƙora ta laka, M/T, ta fi cizo a fadama, amma a hanyar Kaduna za ta cika maka kunne da gunji, ta cinye da wuri, kuma ba ta kama jiƙaƙƙiyar kwalta kamar A/T. Lambar nauyi ta tsohuwar taya 112 ce, kilo 1,120 kowace ƙafa. Sabuwar 121/118 ce, kilo 1,450. Kada a taɓa sauka ƙasa da lambar da mota ta zo da ita. Kada kuma a ɗauka ƙarfin taya ya ƙara wa mota izinin lodi, sifirin da aksil da birki suna nan yadda suke.

Sai shekarar ƙira. A ƙarshen layin da ya fara da DOT akwai lamba huɗu, biyun farko mako, biyun ƙarshe shekara. 2423 na nufin mako na 24 a 2023. Jami'an hukumar kiyaye haɗurra suna duba ta a hanya, amma ko ba don su ba, roba tana tsufa ko ba a taka ta ba, balle wadda ta sha rana a bakin shago. Mun duba guda biyar ɗin ɗaya bayan ɗaya. Tayar gwanjo a irin wannan girman tana da yawa a kasuwa, kuma zanenta kan yi kyau a ido. A lanƙwasa gefenta a duba tsattsagewa, a leƙa ciki a nemi tsohon faci kusa da kafaɗa.

Biyar na ce, ba huɗu ba. Safaya dole ta zama girma ɗaya da sauran. Kewayen 265/65R17 kusan mita 2.44 ne, na 265/70R17 mita 2.52. In aka haɗa su a aksil ɗaya, haƙoran cikin tulu za su yi ta aiki kamar mota na cikin kwanar da ba ta ƙarewa. In kuma aka sa fowil da girma biyu, gaba da baya za su yi ta jayayya, giya ta ɗaure ta ƙi fita, abin da ya fi rauni ya karye. A Hilux irin tamu fowil na ɗan lokaci ne, ba a sa shi a busasshiyar kwalta ko da tayoyi daidai suke. Masu Prado da manyan Land Cruiser da ƙafa huɗu ke ja koyaushe, su haɗarin ya fi kusa, don kullum suna cikin fowil. Sabuwar safaya ta shiga gurbinta a ƙarƙashin bodi, amma sai da muka duba tazararta da salansa, saboda zafi yana gasa roba a hankali ba a sani ba.

Wurin ɗaurawa mun ce a yi da inji, ba da ƙarfen ɓanɓare da guduma ba. Bakin tayar LT yana da tauri, kuma wilin alminiyum in ya ji rauni a baki sai ya riƙa sace iska. An sa sababbin bawul duka biyar, an goge tsatsa da dattin bakin wili, an shafa ruwan sabulu. Baƙin mai ko girisi ba su da wuri a nan, suna lalata roba kuma suna sa taya ta zame a kan wili. Ɗigon rawaya da ke gefen sabuwar taya shi ne wurin da ta fi rashin nauyi, ana daidaita shi da bawul. A injin balansin, ɗaya daga ciki ta nemi dalma mai yawan gaske. Maimakon a jera mata dalma, aka sace iska aka juya tayar rabin zagaye a kan wili aka sake hurawa, abin da take nema ya ragu sosai.

Gyaran wurin gogar bai ɗau lokaci ba. An kwance robar tare laka aka yanke gefenta na ciki, aka mayar. Baƙar robar madigadi kuma aka gasa ta da na'urar hura iska mai zafi har ta yi laushi, aka danna ta baya da katako aka riƙe har ta huce, aka ɗaure da sabuwar kusa. Ba a kawo wutar walda kusa da nan, akwai wayoyi a bayan robar. Ƙarƙashinta akwai bakin ƙarfen bodi mai kaifi inda faranti biyu suka haɗu. An kwantar da shi da guduma aka shafa fenti, don duk inda fenti ya fashe damina ɗaya ta isa ta sa tsatsa.

Daga nan sai alaimen, kuma a nan aka sami sararin da ake nema. Hannun ƙasa na Hilux yana da kusoshi biyu masu karkataccen kai, na gaba da na baya. Da su ake saita kwanciyar taya, da su kuma ake tura ƙafa gaba ko baya kaɗan. Mun ce wa mai alaimen ya kai kasta, wato karkatar ƙafa gaba ko baya, can saman iyakar da kamfani ya yarda, wanda ke matsar da ƙafa gaba, nesa da ƙarfen bodi, ya kuma sa sitiyari ya riƙa dawowa tsakiya da kansa. Waɗannan kusoshin kan kama da tsatsa a cikin bushin, musamman motar da ke shiga ruwa. A fara zuba musu man warware tsatsa tun kafin ranar aiki. In sun kama gam, yanka ake yi a sa sababbi da sabon bushin. Kafin alaimen an girgiza kowace ƙafa a kan jak don duba boljoyin da tayarod da boris, saboda sabuwar tayar ta fi tsohuwar nauyi da kilo da dama, kuma duk abin da ya fara sassauci nauyin nan zai ƙarasa shi.

Notin wili kuwa, Toyota tana amfani da mai shimfiɗaɗɗen gindi da wasa a kan wilinta na alminiyum, yawancin wilin kasuwa kuma mai tsinin gindi suke so. Wanda ya sauya wili ya bar tsohon noti, ƙafa na iya kwancewa a tafe. Kusar M12 ce mai zare 1.5, noti ya kamata ya shiga aƙalla zagaye takwas. An ɗaure a tsallake, ɗaya nan ɗaya can, da sifana mai awo. Yaran shago sun fi son dogon bututu su hau su yi tsalle, abin da ke miƙar da kusa har wata rana ta tsinke. Bayan tafiyar kilomita 50 zuwa 100 an sake bi an duba.

Da aka zo iska mai faci ya ce, “Alhaji, babbar taya ce, a ba ta hamsin.”

Na ce, “A'a Malam, sa talatin da takwas mu gani tukuna.”

Lambar 80 psi, wato ma'aunin iska, da ke gefen tayar iyakarta ce in tana ɗauke da cikakken nauyinta, ba abin tuƙi ba ce. Takardar da ke jikin ƙofar motarmu ta ce 29, amma don tsohuwar taya aka rubuta. LT tana buƙatar iska fiye da haka kafin ta ɗau nauyi ɗaya, in ba haka ba gefenta mai kauri ya yi ta lanƙwasa yana tara zafi. Mun ja layin alli a faɗin zanen kowace taya, muka tafi miƙe 'yar tazara a kan kwalta mai kyau. In alli ya goge a tsakiya kawai, iska ta yi yawa. In ya goge a gefuna ya bar tsakiya, ta yi kaɗan. Namu ya goge daidai a 36 gaba, 34 baya ba kaya, in an yi lodi kuma mukan kai baya 45. Awon na safe ne kafin mota ta motsa, da geji namu na kanmu, domin na bakin hanya kowanne da abin da yake faɗi. Iska kan hau kusan psi ɗaya a duk ƙarin zafi na digiri 5 zuwa 6, don haka a zafin Maris da Afrilu in ka auna bayan doguwar tafiya ka ga ta hau, kada ka sace. A taɓo ko yashi mukan sauke zuwa 20 ko 22 don taya ta baje, a tafi a hankali ba kwanar fizga, kuma a mayar da iska kafin a hau kwalta. Wannan ya sa ƙaramin injin hura iska mai aiki da batir ya zama kayan cikin mota.

A hanyar Zariya zuwa Kaduna muka gwada maleji, wanda ke gefe yana riƙe da waya yana duba gudun da GPS ke nunawa. Sabuwar taya ta fi tsohuwar da kashi 3.4 cikin ɗari, don haka a lissafi in allura ta nuna 100 ana kan 103. Da yake kamfani kan saita allura ta ɗan zarce gaskiya, sai ya zamana yanzu ta kusa daidai, ɗan rangwamen da direba ya saba da shi ne ya tafi. Da 285 ce, 100 za ta zama 107. Ƙidayar kilomita ita ma tana raguwa: in ta nuna 5,000 an yi kusan 5,170. A ninka da 1.034 kafin a yi lissafin shan mai, in ba haka ba za a zargi taya da fiye da laifinta. Laifin nata dai yana nan, mota ta ƙara shan mai kaɗan, tashi daga tsaye da kaya ya ƙara nauyi, a hawa tana neman giya ta huɗu inda da ta biyar ke wucewa. Birki ma yana son a fara taka shi da wuri, don doguwar taya tana rage masa ƙarfi kuma nauyin da zai tsayar ya ƙaru. Mun sa sababbin takalman birki a gaba muka sauya man birki tun da ƙafa na kwance.

Jak ɗin mota sai da muka gwada shi a gida. Yana ɗaga ƙafar baya har sabuwar taya mai cikakkiyar iska ta shiga, amma a ƙurewarsa, kuma a kan siminti ne. A ƙasar gona mai laushi zai nitse ya kasa, don haka muka yanko katako mai kaurin inci 2 da faɗin tafin hannu biyu aka ajiye bayan kujera. Tayoyin kuma ana juya su duk kilomita 8,000 zuwa 10,000 har da safaya, don su cinye tare. Safayar da aka bari sabuwa fil alhali sauran sun cinye rabi ta koma wani girman daban, ko da lambar jikinsu ɗaya ce.